Me ke hana janareta mai makulli tashi?

Wutar da janareta ke ba gida mai kai-da-komo ce, amma wadda ke tayar da shi daban take: ta batir mai bolt 12 ce, wato DC, mai bin hanya ɗaya. Ba ta aiki sai ta zagayo: daga batir zuwa sitata idan an murɗa makulli, sannan ta komo ta ƙarfen injin, inda aka ɗaure baƙar waya. Shi ya sa tsatsa ko farin garin nan da ke taruwa a kan batir kan tsaida komai, sai ƙas-ƙas kawai, alhali batirin lafiya lau. Kada ka yi saurin sayen sabo. Kankare kan batirin, ka ɗaure wayoyin tam. In za ka kwance, fara da baƙar waya.