Idan An Kira Mu Intabiyu

Da yawa daga cikinmu mun shiga aji ne don mu sami aiki. Wani yana son masinja, wani gadi, wani tuƙin mota, wata kuwa aikin asibiti. A da a ofishin En'e ake neman irin wannan aiki. Tun shekarar 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Amma abu ɗaya bai sake ba. Kafin a ɗauki mutum, sai an kira shi an gan shi, an yi masa tambayoyi. Wannan ganawa ita ake ce wa intabiyu.

Sau da yawa gurbi ɗaya ne, masu nema kuwa sun cika baranda. Mai ba da aiki bai san mu ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan zai yanke shawara. Abin da ya gani da abin da ya ji, su ne shaidarmu. Saboda haka shiri tun daga gida yake farawa.

Da farko mu tara takardunmu. Akwai takardar shaidar gama ajinmu, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Akwai kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, mai alƙaluma 11. Direba ya riƙe lasinsa. Mu duba sunanmu a kowace takarda, ya zama iri ɗaya. In nan an rubuta wani abu, can an rubuta wani, za a yi shakkarmu. Mu sa su cikin ambulan ko jakar leda saboda ruwa da gumi.

Sa'an nan mu duba tufafi. Nan ne mutane suka fi kuskure. A ce mutum biyu suna neman aikin masinja. Na farko ya ari babbar rigar maƙwabcinsa, ta yi masa yawa, yana tafe yana tattara ta. Na biyu ya sa tsohon kaftaninsa, amma an wanke shi da sabulu, an goge, an ɗinke maɓallin da ya fita. Wa za a aika da wasiƙa a guje? Lalle na biyu. Kayan aro ba ya rufe katara. Ba tsadar riga ake dubawa ba, tsabtarta ake dubawa, da ko ta dace da aikin.

Kaftani da wando da hula sun ishe namiji. Mace ta sa riga da zane da mayafi masu tsabta, ba sai ta yi kwalliyar biki ba. Mu yi wanki kwana biyu kafin ranar, don kaya su bushe. Mu yi aski, mu yanke farce, mu wanke takalmi. Da safe mu yi wanka da asawaki. Turare kaɗan ya isa. Goro kuwa mu bar shi a aljihu sai mun fito.

Da sanyin safiya ake kama fara. In an ce ƙarfe 9, mu isa tun ƙarfe 8 da rabi. In garinmu da nisa, ko mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, gara mu tafi tun ana gobe mu kwana wurin dangi.

Da an kira sunanka, ka yi sallama ka shiga. Ka gai da su, ka ce, "Ranka ya daɗe," ko "Ranki ya daɗe" in mace ce. Kada ka zauna sai an nuna maka kujera. Ka saurari tambaya har ƙarshe kāna ka amsa, da murya wadda za a ji. In ba ka gane ba, ka roƙa a maimaita. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, amma kana so ka koya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ce ya iya tuƙi alhali bai iya ba, ran da aka miƙa masa makulli asirinsa zai tonu.

Daga ƙarshe watakila a ba ka takarda ka karanta, ko ka sa hannu. Ga ranar da karatunmu zai yi mana rana. Ka karɓi biro ka rubuta sunanka da kanka, ba dangwala yatsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu za mu riƙe?
2. Don me aka zaɓi mai tsohon kaftani?
3. Rubuta cikakken sunanka da sunan garinku sau uku.