Ruwan ɗacin leda ba ya buɗe jijiya

Wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp tsakanin Kazaure da Babura, har ya kai Roni da Gwiwa. Mai maganar yana cewa duk gidan da ake gadon mutuwar ƙafa, inda ƙwauri ke ramewa, yatsu su lanƙwashe, silifas ya zame mutum bai sani ba, to a riƙa shan ruwan ɗacin nan na leda kowane dare. Wai yana buɗe jijiya, wai kuma magani ne, ba giya ba.

Ciwon gaskiya ne. Likitoci uku, Charcot da Marie a Faransa da Tooth a Ingila, suka bayyana shi a 1886, kuma ana ƙiyasta yana samun mutum 1 cikin 2,500. A nau'in da ya fi yawa, idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana iya gada, rabi da rabi. Wasu nau'o'in sun fi fitowa a auren zumunci. Zancen sammu ko ɗauka ta kwanon abinci kuwa, babu shi. Ba shan-inna ba ne.

Batun ledar ne ke ɓata mini rai. Juya ta ka karanta: wasu suna ɗauke da barasa kashi 30 zuwa 40 cikin 100, giyar kwalba kuwa kusan 5 ce. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana barasar leda. Ɗumin da mutum ke ji bayan ya sha, hanyoyin jinin fata ne suka buɗe, raɗaɗin ƙafa kuma ya dushe na ɗan lokaci. Jijiyar tana nan yadda take. Barasa mai yawa ita kanta tana cin jijiyoyin ƙafa, tana kuma hana jiki samun bitamin B1. Wanda tun farko yake tuntuɓe a kunyar gona, ƙaya ta soke shi bai ji ba, me za a ƙara masa da jiri? Idan kuma yana shan pregabalin ko tramadol, haɗa su da barasa na iya danne numfashi. Bincike bai tsayar da wani adadi da za a ce lafiya lau ne ga mai wannan ciwo ba, balle a kira shi magani.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Shekaru yana jan ƙafa, an ce masa babu maganin warkewa, dole ya kama duk abin da aka miƙo. Wanda ya naɗi muryar ya watsa ne ya kamata ya ji tsoron Allah.

Abin da ke taimakawa shi ne gashin ƙashi, takalmin da ke riƙe idon sawu, da duba tafin ƙafa kullum. A fara da babban asibitin Kazaure ko na Babura, a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wajen likitan jijiya. Wanda ya saba sha kullum ya faɗa wa likita ba kunya, don yankewa rana ɗaya na iya jawo rawar jiki da farfaɗiya.