Jatan Lande Mai Naushi: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Bidiyon wani jatan lande mai launin ɗawisu yana yawo a wayoyi. Ana cewa naushinsa harsashi ne, yana tafasa ruwa, yana farfasa akwatin gilashin da aka sa shi. Har akwai masu tambaya ko za a iya kiwonsa a gida a Jabo, yadda ake kiwon tarwada a tankin siminti.

Naushin gaskiya ne. A 2004 Sheila Patek da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauke shi da kyamara mai sauri, suka tarar gudun hannunsa ya kai mita 23 a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 80 a awa. Harsashi ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin da masana suka kwatanta da harsashi shi ne zaburar farko. Da wannan hannun yake fasa ƙoƙon kaguwa da dodon koɗi, kuma yana tsaga yatsan wanda ya kama shi da ganganci. Batun tafasa ruwa kuwa, saurin dukan ne ke haifar da kumfa, ta fashe nan take da ɗan zafi da walƙiyar da ido ba ya gani. Ruwan akwatin ba ya ko ɗumama.

Fasa gilashi ya taɓa faruwa. A 1998 wani jatan lande irin wannan ya fasa gilashin akwatinsa a gidan nuna halittun ruwa na Great Yarmouth a Ingila, har ana kiransa Tyson. Amma nau'o'in danginsa sun haura 450, kuma da yawansu ba sa naushi, soka suke yi da hannu mai ƙaya. Da yawa daga cikin waɗanda ake ajiyewa a gida ba su wuce tsawon yatsa ba, gilashi mai kauri ya ishe su.

Zancen cewa ya fi kowace halitta ganin launi ƙarya ce, ko da yake tana da tushe. Idonsa na da na'urorin gane launi iri 12, namu 3. Sai dai gwajin Hanne Thoen da Justin Marshall na Jami'ar Queensland a Ostireliya a 2014 ya nuna mutum ya fi shi bambanta launuka masu kama da juna.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa kiwonsa ba wuya, a zuba gishiri a ruwan rijiya kawai. Wannan kashe shi ne. Ɗan teku ne. Ko Sarkawan Argungu ba za su taɓa cin karo da shi a gulbi ba. Yana son ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma haɗi ne na musamman mai sinadaran teku, gishirin miya ba ya yi. Yana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28, alhali bazarar Tambuwal na haura 40. Injin tace ruwa da na sanyaya shi dole su yi aiki dare da rana, mu kuwa mun san halin wutarmu. Ga shi ba ya zama da kowa: duk kaguwa ko ƙaramin kifin da aka haɗa shi da shi, abincinsa ne. Wanda ba shi da sola mai ƙarfi da hanyar samun gishirin daga Legas, ya bar dabbar nan a tekunta.