Neman Asali a Suleja: Ina Rajistar Bahaushe Take?

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Abin da ya sa na waiwaya kuwa shi ne wani abokin karatuna Kirista, mutumin Diko da ke kusa da Suleja, wanda ya dawo daga hutu da hoton shafin wani tsohon littafin cocinsu a cikin wayarsa. A layi ɗaya tak an rubuta sunan kakansa, da ranar da aka yi masa baftisma, da sunayen iyayensa, da ƙauyensu. Ni kuwa da ya tambaye ni sunan kakan kakana, sai na yi zuru. Abin da na sani kawai shi ne maganar da na taso ina ji a gidanmu, wai "tare da Makau muka zo." Wannan muƙala za ta yi bayanin yadda ake bin diddigin asali ta hanyar rajistar coci, sannan ta nuna inda Bahaushe ya ajiye tasa rajistar, tare da misali daga abin da na gano a gidanmu.

Mece ce Rajistar Coci?

Rajistar coci littafi ne da limamin kowace majami'a ke rubuta baftisma da aure da jana'izar mutanen yankinsa. A Ingila an wajabta ajiye shi tun 1538, bisa umarnin Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas. Cocin Katolika kuma ta wajabta rubuta baftisma da aure a 1563, a babban taron da aka yi a garin Trent na ƙasar Italiya.

Yadda ake aiki da shi ba wuya. Mai bincike yakan fara da kansa ya yi baya. Shafin baftismarsa zai ba shi sunayen iyayensa, shafin auren iyayen zai kai shi ga kakanni, haka zai yi ta hawa kamar mai taka tsani. A yau an ɗauki hotunan irin waɗannan littattafai masu ɗimbin yawa an zuba a intanet. FamilySearch ta Amurka na cikin manyan rumbunan da ake dubawa kyauta, haka kuma a 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Birtaniya, ya saki hotunan rajistar majami'un Katolika na ƙasar. Shi dai abokina da ƙafarsa ya je ya roƙi a buɗe masa kabad, domin littafin cocinsu yana nan a takarda.

Musulmin Bahaushe ba shi da irin wannan littafi. Ana raɗa suna ran bakwai a gaban jama'a, a ɗaura aure a gaban waliyyai da shaidu, a raba goro, a shafa fatiha, a watse. Jama'ar da ta halarta ita ce rajistar. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya ma ta 1992 ce. Ke nan tilas mu nemi namu tsanin a wani wuri.

Jerin Sarakuna a Matsayin Ma'auni

Mutanen Suleja sun yi sa'a, domin jerin sarakunansu a rubuce yake. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya lokacin jihadi, wasu sun ce a 1804, wasu kuma 1808, ya yada zango a Zuba, aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Sai Abu Kwaka daga 1851 zuwa 1877, sai Ibrahim Iyalai Dodon Gwari har zuwa 1902, shekarar da Turawa suka ci garin. Bayansa Muhammadu Gani ya yi sarauta zuwa 1917, Musa Angulu zuwa 1944, Sulaimanu Barau kuma zuwa 1979. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1952.

Amfanin wannan jeri shi ne, tsohuwa ba za ta ce maka an haife ta a shekara kaza ba, amma za ta ce an yi mata aure Sarki Sule bai daɗe da hawa ba. Idan aka haɗa da wasu alamomi, kamar murar 1918, da zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973, sai a iya ƙiyasta shekarun mutum ba tare da an yi nisa da gaskiya ba.

Akwai kuma tarko guda. Bayan an ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Saboda haka duk wanda ya je Gidan Adana Tsofaffin Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, yana neman takardun zamanin Turawa da sunan Suleja, zai dawo hannu rabbana. Abuja zai nema, a ƙarƙashin Lardin Nasarawa da farko, daga baya kuma Lardin Neja.

Suna a Matsayin Shaida

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa riba, domin laƙabin Bahaushe ƙaramar takardar haihuwa ce. Ɗanladi da Talatu sun faɗi ranar haihuwa. Ɗan'azumi da Anaruwa sun faɗi lokaci. Tanko ya nuna mata ne suka gabace shi, Kande kuma maza. Gambo ya nuna akwai tagwaye a gabansa, ko da ba wanda ya tuna da su. Audi kuwa ya nuna mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, wato haihuwar ɗan ta ba mu shekarar mutuwar uban.

Sai dai sunan yana iya ɓatar da mutum. Garba da Habu da Abubakar na iya zama mutum guda, haka Iro da Ibrahim, ko Shehu da Usman. Ga shi kuma ba mu da sunan zuriya mai ɗorewa irin na Turawa: Musa Ibrahim ya haifi Audu Musa, shi kuma ya haifi Sani Audu, cikin hawa uku an rasa Ibrahim. Wasu ma sunan garinsu suka ɗauka a makarantar boko, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Bugu da ƙari akwai alkunya, wadda ke hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari.

Abin da Na Gano a Gidanmu

Da na zauna da kakata ta wajen uba, na ce, "Iya, mene ne sunan Malam na yanka?" Sai ta yi dariya ta ce, "Kai maigida, yau kuma rashin kunya ka zo koya mini? Je ka tambayi iyayenka." Amma ta lissafa mini mahaifin mijin nata, da kakansa, da kuma wanda ta kira Mai Jakai, wanda ta ce shi ne ya fara zama a gidan. Hawa huɗu ke nan har da kakana, wanda aka haifa a tsakiyar zamanin Musa Angulu, wajen 1930.

Na ba kowane hawa shekara 35, na yi baya. Lissafi ya nuna an haifi Mai Jakai wajen 1825, shekarar da Makau ya rasu. To, ta yaya zai biyo shi daga Zariya? Ko dai an tsallake wasu sunaye, abin da yakan faru a tarihin baka, ko kuma labarin ne da gyara.

Amsar tana cikin wata tsohuwar gafaka a ɗakin wan mahaifina. A ƙarshen wani littafin fiƙihu na rubutun hannu, wanda ya kwafe shi ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da Larabci, kamar yadda malamai suka saba, ya kuma jingina mahaifin ga Katsina. Sunan mai kwafar ya yi daidai da na ɗan Mai Jakai da Iya ta faɗa. Tarihi kuma ya nuna a zamanin Abu Kwaka ne aka buɗe wa fatake ƙofar Abuja. Laƙabi da lissafi da rubutu duk sun nuna abu guda: kakanmu farke ne Bakatsine, ba mayaƙin Makau ba.

Da na faɗa wa wan mahaifina, ya yi shiru ya ce, "Yaro, boko ya sa ka fara rage wa mutane asali?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, rubutun malamin gidan nan ne ya faɗa." Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya tuna kakarsa takan yi wa Mai Jakai kirari da takobin Katsina, bai taɓa tunanin dalili ba. Har yanzu dai yana cewa wataƙila ta wajen mata muka haɗu da mutanen Makau, kuma ban musa masa ba, domin wannan reshe ban bi shi ba tukuna.

Kammalawa

Rajistar Bahaushe a warwatse take: wani shafi a bakin tsofaffi, wani a laƙabi da kirari, wani a tsagen fuska da sana'ar gida, wani a gafaka da kundin alƙali. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce a fara da tsohon da ya fi kowa shekaru, a naɗi muryarsa da izininsa, a rubuta sunan yanka tare da laƙabi, a tambayi ɓangaren mata, sannan kada a karɓi labari sai an gwada shi da wata shaida. A kuma yi hattara da abin da zai tozarta wani gida, domin magana zarar bunu ce.

Littafin cocin abokina zai jira jikokinsa a cikin kabad. Iya kuwa ta rasu wata biyar bayan hirarmu, Allah ya jiƙanta. Da na bari sai hutu na gaba, da sunan Mai Jakai ya tafi tare da ita.