Laftof Ta Mutu: A Gyara Ko A Sayi Wata?

Turawa suna da wani lissafi da ake yawan maimaitawa: idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa, ka sayi sabuwa. A Kafanchan wannan lissafi bai cika aiki ba, domin "sabuwa" a wurinmu ba ta kwali ba ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta wuce 1,500 a 2024, ta kwali ta fi ƙarfin ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko na Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan. Abin da zai iya saye shi ne ta hannu, wadda ake cewa ta Landan: HP EliteBook ko Dell Latitude da wani ofis a Turai ko Amurka ya gama mora, ta sauka kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta biyo ta Abuja ko Jos ta iso nan. Ashe zaɓin tsakanin tsohuwa biyu ne, taka da ka san ciwonta, da ta wani da ba ka san me ta sha ba.

Saboda haka kafin a yi zancen kuɗi, a san me ya mutu. Sau da yawa laftof ɗin da "ba ta kawo wuta" lafiyarta ƙalau, caja ce ta ƙone, ko bakin cajin ya saki, ko batir ya gama yayi. Wata kuma tana tashi, bayan minti kaɗan ta ɗauki zafi ta ɗauke. Ka tsaya kan mai gyara ya kwance bayanta, za ka ga ƙurar hunturu ta shekaru ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska. Ya share da buroshi, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, shi ke nan. Wadda ke jan ƙafa tana ƙas-ƙas daga ciki, faifan ajiyarta ne ke shirin tafiya. A sa mata faifai irin na SSD a ƙara RAM, sai mai ita ya yi ta mamaki. Duk waɗannan, har da fasasshen gilashi, gyara ya fi riba nesa ba kusa ba.

Inda ake tsayawa a yi tunani shi ne in injiniya ya girgiza kai ya ce, "Oga, bod ne." A yankinmu bod, wato babban allon da kayan cikin laftof ke kai, ba ya rasa abokan gaba: tsawar damina, wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da janareton da ke hawa da sauka. Amma bod ma suna suka tara. In ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a hanyar caji, gwani mai awo da mita zai gano shi ya canza. In kuwa aka ce za a gasa wani sashe da iska mai zafi don hoto ya dawo, ka riƙe kuɗinka. Takan tashi, har a yi murna, amma galibi ba ta daɗewa. Canza bod ɗungurungum ma yawanci daga wata matacciyar za a ciro, kuma a nan ne kuɗin gyara ke kusan kamo na wata laftof ɗin.

Sai maganar shekaru, wadda masu sayarwa ba su son a taso da ita. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Kada a ruɗe ka da "ai Core i5 ce". Dubi lambar: i5-6300U zubi na shida ce, i5-8250U na takwas. Zuba kuɗin bod a kan ta shida asara ce a ganina, haka ma sayar da taka don ka ɗauko wata ta shidan. Amma in buga takardu da atisayen jarrabawar JAMB ne aikinta, tsohuwa mai SSD ta wadatar, Linux Mint ma zai zauna mata daram a madadin Windows. Mai harkar banki da takardun mutane a shagonsa shi ne ya kamata ya damu da tsaro, tunda an daina kula da Windows 10.

Ko wanne ka zaɓa, fara da ciro faifan ajiya. Mutuwar bod ba ta cika taɓa shi ba. A saka shi cikin ɗan gidansa mai USB a jona da wata kwamfutar, yawanci furojet da hotuna suna nan. Kada kuma ka miƙa wa 'yan jari-bola gangar jikin da faifan a ciki, wataƙila hoton katinka na NIN da takardun banki suna kai. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa a cire shi nan take, ba a huda shi, ba a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta.