Allurar Da Ke Kashe Zafi A Wuri Guda

Duk wanda aka taɓa cire wa haƙori a asibiti, ko aka ɗinke masa rauni, ya san wannan abin mamaki. Ga shi ido biyu, yana jin hannun likita na taɓa shi, amma zafi babu ko kaɗan. Shin ina zafin ya tafi?

Zafi dai saƙo ne. In ƙaya ta soki ƙafa, jijiya ce ke ɗaukar labari zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya isa can mutum ya ke ji. A shekara ta 1952 waɗansu masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka bayyana yadda saƙon ke tafiya. Jikin jijiya kamar ganuwa ya ke, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai. In ƙofa ta buɗe, sai wani sinadari da a ke kira sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, ya kutsa ciki. Shigarsa ke ta da ɗan ƙarfin lantarki wanda ke buɗe ƙofar gaba, haka har ƙarshen jijiya.

Aikin maganin shi ne ya ratsa cikin jijiya, ya toshe ƙofofin nan ta ciki. Watau rauni na nan, amma manzo ya rasa hanya. Jijiyoyin da ke ɗaukar zafi sirara ne, su maganin ke fara kamawa, shi ya sa zafi ke ɓacewa a bar mutum da jin taɓi. Wurin da ya yi mugunya kuwa tsami gare shi, tsamin na hana magani ratsa jijiya, don haka allura ba ta cika kama maruru sosai ba.

Asalin wannan ilmi daga ganyen koka ne, wanda mutanen duwatsun Feru da Bolibiya su ke taunawa tun zamanin kakanninsu, har harshensu ya mutu. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya ware sinadarin da ke cikinsa, watau koken. A 1884 wani matashin likita a birnin Biyana, Carl Koller, ya ɗiga shi a idon kwaɗo, sa'an nan a nasa idon, ya taɓa da kan allura bai ji kome ba. Nan da nan likitocin ido suka karɓa. A 1898 August Bier ya zuba shi ta ƙashin baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu, aka yi fiɗa majiyyaci na farke.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Koken na kama mai shansa ya kasa bari, har babban likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya faɗa tarkonsa garin gwaji a jikinsa. Majiyyata kuma sun mutu saboda yawansa. Sai masana suka shiga neman madadi. Alfred Einhorn ya haɗa Novocain, aka fara aiki da shi a 1905. A 1943 Nils Löfgren na ƙasar Suwidin ya haɗa lidoken, wanda har yau a ke aiki da shi ko'ina cikin duniya.

Duk da haka hatsari bai ƙare ba, gama irin ƙofofin nan akwai su a ƙwaƙwalwa da zuciya. In magani ya yi yawa, ko allura ta faɗa hanyar jini, sai leɓe ya mutu, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya riƙa ƙara. In abin ya tsananta sai farfaɗiya, har zuciya ta tsaya. Saboda haka likita ke auna magani gwargwadon nauyin mutum. Na lidoken ba a son ya wuce miligiram 4.5 ga kowane kilo. In an gauraya shi da adiranalin, wanda ke tsuke hanyoyin jini ya tsare magani a wurin, a kan kai har 7. Likita kuma ya kan ɗan ja allura baya kafin ya tura, ya duba ko jini zai biyo. Tun 2006 an ceto mutane da dama ta ɗura musu wani ruwan mai a jini, wanda ke janye maganin daga zuciya.

Lalle wannan magani bawa ne mai biyayya a hannun wanda ya san ma'auninsa. Wanda aka yi wa allura, in ya ji kunnensa na ƙara, ko jiri na ɗibarsa, kada ya yi kunya ko jarumta, ya faɗa wa likita nan take.