Ko Kun Sani? Raƙumin Dawa Ya Dawo Jihar Maraɗi

Magidancin garin Wagini na yankin Batsari da 'ya'yansa ke son ganin raƙumin dawa ba sai ya je Kenya ba. A Nuwambar 2018 an kwaso takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka sake su a gandun dajin Gadabeji, arewa da Maraɗi, bayan shekaru da dama da ɓacewarsu a can. A 1996 raƙuman dawan Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage. Da aka hana farautarsu sai suka haura 600. Wannan hujja ce cewa dajin Rugu ma, da ke gefen Batsari da Safana, bai fi ƙarfin farfaɗowa ba.

Manomi zai ce dabbar dawa ɓarna gare ta, kuma da gaskiyarsa: raƙuman Kure kan shiga gona su cinye wake. Sai dai a tsakiyar manoman nan suka yaɗu, ba shinge, suna miƙa dogon wuya suna tsinkar ganyen gawo da aduwa, masu rakiyar baƙi daga ƙauyukan kuma suka riƙa samun na cefane. Babban cikas a Rugu shi ne tsaro, domin ba uban da zai kai yaransa kallo inda 'yan bindiga ke fakewa.